Izinin Maigida da Ran Yaro

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a wannan sashe namu mun saba nazarin zaman iyalin Bahaushe ta fuskar aure da haihuwa da suna da kaciya, mu bayyana yadda ake kamu da sa lalle da wankan jego, mu ci jarrabawa mu wuce. Amma akwai wani lungu na zaman gida da ba mu cika leƙawa ba, watau abin da ke wakana a tsakar gida tun daga lokacin da uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ji zafi har zuwa lokacin da aka fita da shi ƙofar zaure. Wannan ɗan tsakani, wanda a wani gida sa'a ɗaya ce, a wani gida kuwa kwana biyu, shi nake so mu duba, domin a ganina a cikinsa ne muke asarar yara da yawa a ƙasarmu ta Gwandu tun kafin idon wani likita ya gan su.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Yayata tana aure a wani ƙauye kusa da garin Gwandu. Mijinta manomi ne, mutumin kirki, kuma kamar sauran mazan ƙauyen, da zarar an kai amfanin gona rumbu sai ya nufi kudu ci-rani, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. A watan Maris na 2025, ana cikin azumi, ɗansu mai shekara 4 ya farka lokacin sahur da zazzaɓi da amai, yana riƙe kai. Kafin hantsi wuyansa ya ƙage, ba ya son a buɗe taga haske ya shigo. Yayata ta kira maigida, waya a kashe. Sai ta nufi ɗakin uwar mijinta ta durƙusa ta ce, "Inna, yaron ga jikinai ya yi tsanani, ko in kai shi asibiti?" Tsohuwar ta dubi jikanta, hankalinta ya tashi, amma ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri ubanai ya kira. Ni ba ni aike ki hita bai sani ba." Aka aiki yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓi, aka karɓo rubutu wajen malamin unguwa. Sai bayan la'asar aka sami maigida, wayarsa tana wajen mai caji tun safe. Da ya ji bayani abin da ya fara cewa shi ne, "To mi kuke jira?" Sa'an nan aka shiga neman rance wajen maƙwabta, sa'an nan neman ɗan kabu-kabu, ga shi kowa yana shirin buɗa-baki. Ba su isa asibiti ba sai bayan magariba. Ma'aikata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya tashi kafaɗun yaron, amma har yau ba ya ji.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi a cikin wannan labari, ban samu ba. Uwar tana son ɗanta, kakar tana son jikanta, uban kuwa da ya dawo ya tafa hannu a bayan yaron ya ga bai waiwayo ba, sai ya shige turaka ya rufe ƙofa. Kowa ya yi abin da aka rene shi a kai. Tsarin gidan ne ya bar ikon fita a aljihun mutum ɗaya, mutumin kuwa yana can nesa, tafiyar yini guda a mota.

Sanƙarau ba ya jiran waya ta cika caji. Ƙwayar cuta ce ke kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, tana iya kashe mutum cikin sa'o'i 24, kuma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira yakan fita da wata naƙasa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. Ƙasarmu tana cikin zirin nan da ya taso daga Senigal har Habasha inda cutar ke tashi da rani, lokacin ƙura da zafi da cunkoson kwana a ɗaki ɗaya, watau daidai lokacin da maza suka watse ci-rani. Iyayenmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A cikin wannan wata na Maris 2025 da ɗan yayata ya kwanta, gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar mutuwar mutum 26 a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Gwandu da Jega da Aliero, kuma Gwandu ce ta fi kowa asara.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin na sha jinsa a ɗakin kwanan ɗalibai: ai matsalar talauci ce da nisan asibiti da rashin hanya, gwamnati ta yi aikinta tukuna kafin a zo ana tuhumar talaka a kan yadda yake tafiyar da gidansa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ban kuma zo in wanke kowa ba. Amma mu bar Gwandu mu dubi Kalgo, wadda ke dab da Birnin Kebbi, ga titi mai kwalta, ga babban asibiti na jiha a cikinta, ga mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. A can ma na zauna hutu a wajen dangi, na ga mace mai naƙuda tana cije zane tun tsakar dare tana jiran gari ya waye a sanar da miji, alhali kuwa da ƙafa ma ana iya zuwa inda za a taimake ta. Ashe ke nan ko an gina asibiti a ƙofar kowane gida, muddin mai ikon cewa a fita ba ya nan, zama za a yi.

A Kalgon dai kuma na ga akasin haka, a gidan gwaggona. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai kwana gida ba, bai kuma taɓa shiga aji ba, kada wani ya ce ɗan boko ne ya kwaikwayi Turawa. Tun farkon aurensu ya tara mahaifiyarsa da ƙanensa da amaryar ya ce musu, duk ranar da ciwo ya kama wani a gidan nan, dare ko rana, ya ba da izini a fita, kada a neme shi sai an isa. Akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon gwaggo da yake zuba 'yan kuɗi duk ya dawo, ba a taɓa shi don cefane ko biki. Akwai kuma wani ɗan kabu-kabu na unguwar da aka yi magana da shi tun tuni. Abin da ya fi burge ni shi ne hikimar faɗin maganar a gaban uwarsa. Da a ɗaka ya raɗa wa matarsa, ranar da ta yafa mayafi tsohuwa za ta tsaya a zaure, kuma da gaskiyarta. Da ya faɗa a gabanta sai ya sauke mata nauyi, ta zama ita ce mai cewa, "Yi maza, ni na riƙe sauran yaran." Uwar mijin yayata ma, na tabbata, ba mugunta ta hana ta ba. Tsoro take yi kada ɗanta ya dawo ya ce ta sakar masa gida.

Kada a ɗauka wannan magana ta ranar annoba ce kaɗai. Zazzaɓin cizon sauro ya fi sanƙarau yi mana ɓarna, sai dai shi a hankali yake ɗauka ɗai-ɗai, ba a shelarsa a rediyo. Jiharmu ta fadama ce da shinkafa, ruwan da ke ciyar da mu shi ke renon sauro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, mafi yawa a duk Nijeriya, alhali a Legas kusan kashi 2 ne. A binciken 2021 ma Kebbi ce a gaba da kashi 49. Saboda haka ne a watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohi biyu, Kebbi da Bayelsa. To, allurar sau 4 ake yi wa yaro: yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'an nan yana wata 15. Mai karatu ya lissafa da kansa. Fita 4 ke nan, kuma a gida irin na yayata neman izini 4, kuɗin kabu-kabu 4, ga ranar da maigida zai ce, "Yaro lafiya lau, mi za a je yi?" Maganin da aka sha wahalar shekaru ana nema a ɗakunan bincike na duniya yana iya zuwa ya tsaya a bakin zaurenmu.

Sai mu zo kan babbar hujja, wadda ita ce ainihin abin da ke cikin zukata ko ba a furta ba: mutuncin gida da addini. Ana ganin mace ta fita ba da sanin miji ba ta keta haddi. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ko ɗan makarantar allo ya ji cewa tsare rai yana daga manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su, lalura kuma tana da hukuncinta. Bugu da ƙari, abin da nake kira gare shi bai fita daga ikon miji ba ko kaɗan, shi ne zai ba da izinin, sai dai ya ba da shi tun da sauran lokaci. Mu mutanen Gwandu kuwa mu ne ya fi kamata mu ji kunyar fakewa da addini a nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garinmu, a cikin tarin littattafansa akwai Masalihul Insani, wanda ya haɗa maslahar addini da maslahar jiki wuri ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna. Shehu Usmanu kuwa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Muna kai baƙi ziyarar hubbare muna alfahari, amma ba mu tambayi kanmu yadda waɗannan bayin Allah za su ɗauki gidan da yaro ke jijjiga a kan tabarma ana jiran waya ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. Ko an sami maigida a waya, me ake gaya masa? Yakan ce, "Yaya jikin yaro?" a ce masa, "Da sauƙi." Bahaushe ko yana kan gargara, in aka gaishe shi da jiki, da sauƙi zai ce, domin tarbiyya ta hana shi kai ƙarar ciwo. Kyakkyawar ɗabi'a ce a wajen dubiya, amma a bakin wanda ake jira ya ba da rahoto, guba ce. Mutum yana wata uwa duniya, an ce masa da sauƙi, don me zai ce a ci bashi a tafi asibiti? Haka kuma kalmar zazzaɓi ta zame mana buhu, mun zuba na sauro da na haƙori da farkon sanƙarau da taifot a ciki, kowanne maganinsa ƙwayar kemis biyu. Ga kunyar ɗan fari, wadda ke hana yarinya nuna damuwa a kan ɗanta a gaban surukai, ga dauriyar da ake yabon mai haihuwa da ita, har a yi wa wadda ta yi raki dariya. Duk waɗannan mun rubuta su a takardun jarrabawa a babin kyawawan al'adu, ban kuma ce a jefar da su ba. Ina dai ganin wanda ya san harshen ciki da waje shi ya fi dacewa ya zauna da ma'aikatan lafiya a fitar da kalmomi 'yan kaɗan, masu kaifi, da mace za ta iya faɗa wa miji ko suruka ba tare da ta ji ta yi rashin kunya ba: wuya ya ƙage, ba ya shan nono, yana jijjiga, jini bai tsaya ba. Da jin ɗayansu, magana ta ƙare, sai fita. In ɗalibin Hausa bai yi wannan aiki ba, ban san wanda zai yi shi ba, kuma ya fi mana amfani a kundin kammala digiri bisa ga sake jera kayan lefe karo na ɗari.

Limamanmu na Gwandu da Kalgo su ma suna da dama a hannunsu wadda likita ba shi da ita. Sun san makon da ake gama girbi motoci su fara ɗibar matasa zuwa kudu. Huɗuba ɗaya a wannan Jumma'ar, a ce kada wanda ya hau mota sai ya tara iyalinsa ya bar izini ya bar ɗan abin da ya sawwaƙa, za ta shiga inda takardar manne a bangon asibiti ba ta shiga. Waliyyi ma, ranar ɗaurin aure, da yake damƙa amanar ci da sha da sutura, ba abin da zai hana shi ƙara wannan a kai.

Mijin yayata ya koma ci-rani da kakar da ta biyo baya, domin ba yadda zai yi. Kafin ya tafi ya tara su ya faɗi irin maganar da mijin gwaggo ya faɗa, ya kuma bar akuya biyu da sunan lalura. Yaron yana nan yana wasa a tsakar gida, yana bin bakin mutane da kallo, 'yan kalmomin da ya iya suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na kawo shawarar a kai shi makarantar kurame tun bai manta da su duka ba. Inna ta ce shawara ce mai kyau, a bari ubanai ya dawo.