Israfin Da Ba Ya Shiga Lissafi

Duk wanda ya yi wayo a garin Bauchi a ƙarshen shekarun 1970 ba zai manta da irin burin da kamfanin Steyr ya cusa a zukatan mutane ba, lokacin da gwamnatin tarayya, cikin yalwar kuɗin man fetur, ta haɗa gwiwa da wani kamfanin ƙasar Ostiriya aka kafa masana'antar harhaɗa taraktoci da manyan motoci a nan, kamar yadda aka kafa ta Peugeot a Kaduna, da ta Volkswagen a Legas, da ta Leyland a Ibadan, da ta Fiat a Kano, da ta Marsandi a Inugu. Sai dai dukkan waɗannan masana'antu da kayan waje suka dogara, a ƙera sassan a Turai, a kawo su ta jirgin ruwa, mu kuwa mu ɗaure kusoshi. Saboda haka da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin musaya ya yi wuyar samu, daga bisani kuma aka karya darajar naira a 1986, sai aikin ya yi ta ja da baya shekara bayan shekara.

Idan dattawa suka zauna suna jajanta wannan al'amari, galibi a kan rashin kuɗi da rashin wuta da sakacin hukuma maganar ke tsayawa, ni kuwa ban musa ko ɗaya ba. Amma akwai wata mas'ala da ba a cika tayar da ita ba, wato yadda ma'aikata, ko ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, za ta iya rayuwa cikin ƙunci ta hanyar toshe kafofin da ɗan abin da ke hannunta yake zurarewa. Wannan fanni ne na ilimi mai zaman kansa, yana da malamansa da ƙa'idojinsa, kuma a cikin talauci aka haife shi.

A shekarar 1950 kamfanin Toyota na ƙasar Jafan ya kusa durƙushewa: bashi ya yi masa katutu, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami fiye da mutum 1,500, shugabansa Kiichiro Toyoda ya ajiye muƙami. Ba su da jarin da za su yi gasa da Ford ko General Motors na Amurka, waɗanda ke ƙera motoci jibgi-jibgi su cika rumbuna. Don haka wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno ya duƙufa shekara da shekaru yana tsayawa a tsakiyar masana'anta yana kallon yadda aiki ke gudana, har ya ƙididdige hanyoyi bakwai da ƙarfi da dukiya suke salwanta: yin abin da ba a buƙata ba tukuna, da jira, da jigilar kaya daga nan zuwa can ba dalili, da ƙara wa aiki matakan da ba su ƙara masa daraja, da jibge kaya a sito, da kai-komon ma'aikaci yana neman abin aiki, da kuskuren da ke tilasta a maimaita abin da aka riga aka yi. Galibin bakwai ɗin nan akawu ba zai gan su a littafin kuɗi ba, domin ba sata ba ce, ba kuwa almundahana ba; amma duk da haka suna cin dukiya kamar yadda ɓarawo ke ci, wani lokaci ma fiye.

Maganin da suka yi wa wannan cuta yana da rukunai, kuma biyu daga ciki sun fi cancantar mu yi tadabburi a kansu. Na farko ya samo asali ne daga injin saƙa da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924, wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A kan wannan hikima aka rataya igiya a layin harhaɗa motoci, aka bai wa kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar matsayinsa, izinin ya ja ta idan ya ga illa, shugaban sashe ya zo da gaggawa, in ba a warware ba layin ya tsaya. Na biyu shi ne bin diddigin sababi, a yi ta tambayar dalili har sau biyar kafin a yanke hukunci. A ce motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙi tashi ranar da ake buƙatarta. Don me? Batir ya mutu. Don me ya mutu? An yi makonni ba a tayar da ita ba. Don me? An sauya wa direbanta wurin aiki. To, don me ba a ɗora wa wani ba? Domin babu wata rubutacciyar ƙa'ida da ta ce ga wanda alhakin duba motar ya rataya a wuyansa. Wanda ya tsaya a amsa ta farko zai sayi sabon batir, bayan wata uku kuma ya sayi wani; wanda ya kai ta ƙarshe layi guda zai rubuta a takarda, ya huta.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan hali ne na Jafanawa, mu namu daban. Hujjar da ta rushe wannan zato a Amurka take. A 1982 General Motors ya rufe masana'antarsa ta garin Fremont a jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rikici da fashin aiki da lalatattun motoci. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, mafi yawan waɗanda aka ɗauka aiki kuma daga cikin tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su gyaruwa, ba a daɗe ba kuwa ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk masana'antun kamfanin. Mutanen su ne dai na jiya. Tsarin aikin da irin kunnen da shugabanni ke ba su ne suka sauya.

Mu dawo gida. A ganina, cikin hanyoyin ɓarna bakwai ɗin nan babu wadda ta yi mana illa kamar jira, kuma dalilin da ya sa ba ma ganin muninta shi ne wanda ke biyan kuɗinta ba shi ne ke zaune a kan kujera ba. Tsohon malamin makaranta da ya taso daga Ningi ko Toro ko Alkaleri da asuba, ya biya kuɗin mota, ya wuni a kan benci don a sa hannu a takardar fanshonsa, la'asar ta yi a ce masa oga ya fita, ya dawo gobe, wannan an ci haƙƙinsa ko da ba a karɓi sisinsa ba. Idan da za a bi fayil guda daga ranar da ya shiga ofis zuwa ranar da ya fita, a auna mintocin da wani ya yi yana aiki a kansa, a kwatanta su da kwanakin da ya yi yana kwance a kan tebur, da an ga abin da zai sa mai kunya ya sunkuyar da kai. Haka manomin da takinsa ya iso bayan damina ta yi nisa, haka mai jinyar da aka tura shi sashe uku kafin ya biya kuɗin gwajin jini. Kai, har telolinmu na kasuwar Wunti ba su tsira ba: ana gab da salla sai tela ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, ya yanka kaya ashirin ya baza, babu wanda ya kammala, alhali da ya ɗauki ɗaya ya gama kafin ya taɓa na biyu, da masu kaya sun riƙa karɓa a jere, shi kuma ya tsira da mutuncinsa.

Babban abin da ke tsakaninmu da wannan gyara ba kuɗi ba ne. Muna da tarbiyya ta girmama na gaba, abin alfahari ce kuwa, amma a ofisoshinmu ta rikiɗe ta koma shiru a kan kuskure, ta yadda masinja ko nas ko ƙaramin akawu zai ga inda aiki ke cijewa shekara goma, ya kame bakinsa don kada a ce ya yi wa manya rashin kunya. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ina amfanin saninsa idan an hana shi magana? Shari'armu ta sanya shawara cikin ladubban shugabanci, ta mai da nasiha wajibi a tsakanin babba da yaro, ta yi horo da itƙani a cikin sana'a, ta kuma fifita ƙaramin aiki mai ɗorewa a kan babba mai yankewa. Saboda haka shugaban da ya bar na'urar sanyaya ɗakinsa ya sauko inda ake yin aikin, ya tambayi na ƙasa abin da ke wahalar da shi, bai aro baƙuwar al'ada ba. Amanar da aka ɗora masa yake saukewa.

Wajibi ne kuma a yi adalci ga masu saɓani, domin suna da hujja ta fuska biyu. Ta farko, ƙa'idar Toyota ta kada a ajiye kaya sai daidai lokacin buƙata ta ginu ne a kan hanyoyi masu kyau da wuta marar yankewa da masu kawo kaya a kusa. Ɗan kasuwar Muda Lawal da hajarsa ke tasowa daga Legas, ko asibitin da maganinsa zai yi makonni a hanya, in ya ajiye na gobe ya yi hankali, ba israfi ba. Ko su Jafanawan sun ɗanɗana kuɗarsu bayan girgizar ƙasa ta 2011, suka ƙara yawan abin da suke tanadi. Ta biyu, akwai shugabannin da ke fakewa da rage ɓarna don su rage mutane, wannan kuwa kashe tsarin ne tun daga tushe, domin babu ma'aikacin da zai nuna maka hanyar sauƙaƙa aiki idan ya san ladansa takardar sallama ce. A Fremont sai da aka rubuta wa ma'aikata alkawarin kare ayyukansu cikin yarjejeniya kafin su saki jiki.

Wasu a nahiyarmu sun riga sun ɗauki abin da ya dace da su. Habasha ta nemi taimakon Jafan, ta kafa cibiyar koyar da wannan tsari, wanda ake kira kaizen, a 2011. A nan gida ma an jarraba shi a asibitin haihuwa na Tsibirin Legas, inda aka fara da abubuwan da ba su buƙatar kasafi: a ware abin da ake amfani da shi daga tarkace, a ba kowane kaya mazauninsa, a tsabtace, a rubuta ƙa'ida, a dawwama a kai. Tun 2004 kuma gwamnatin tarayya ta kafa SERVICOM da alkawarin yi wa jama'a hidima cikin lokaci, sai dai alkawari ba ya cika kansa idan babu mai auna kwanakin da takarda ke yi a hanya.

Garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya bai kamata ya jira ƙwararru daga ƙetare ba. A tura ɗaliban injiniya da na sha'anin mulki su yi bincikensu na kammala karatu a sassan asibitoci da ofisoshi da garejin makanikai, su auna jira, su zana hanyar da aiki ke bi, su zauna da masu yinsa a cire mataki guda marar amfani. Kowane babban sakatare da shugaban sashe kuma ya zaɓi hidima ɗaya tak da jama'a ke zuwa nema wurinsa, ya liƙa a bakin ƙofa adadin kwanakin da take ɗauka a yau, ya tara ma'aikatansa kowane mako na rabin sa'a su yi muhasaba, bayan wata shida ya sake liƙa sabon adadi kowa ya gani. Wanda adadinsa ya sauka a yaba masa a bainar jama'a, wanda nasa bai motsa ba a tambaye shi dalili, har sau biyar. Allah ya ba shugabanninmu ikon saurare, mu kuma ya ba mu ƙarfin faɗar gaskiya cikin ladabi.