Gadon Jinya Ma Aji Ne

Akwai wata damuwa da ke cin zukatan iyaye masu fama da doguwar rashin lafiya, wadda ba a cika faɗa wa likita ba. Uban da ciwon ƙoda ya kwantar, ko uwar da hawan jini ya raunana, sukan dubi ɗansu yana shirin jarrabawar WAEC ko NECO, su ji kamar sun zama kaya a gidan da su ne ginshiƙinsa. Yaron kuma, don tausayi, sai ya daina kawo musu littafinsa. Nan ake yin asara biyu: majinyaci ya rasa abin ɗebe kewa, ɗalibi ya rasa mai sauraron karatunsa.

A ganina, cikin darussan makaranta duka, adabi ne ciwo bai isa ya raba iyaye da shi ba. Lissafi yana son zama da duƙufa da riƙon alƙalami. Adabi kuwa kunne yake nema da tambaya, kuma wanda ke kwance yana da su.

Littattafanmu kansu shaida ne. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ya tsare Musa ɗan sarki daga makircin waziri, ba da takobi ba, sai da labarai, ɗaya bayan ɗaya. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma ya tsara waƙoƙin Imfiraji waɗanda har yau ake nazarinsu, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Raunin jiki bai taɓa rufe ƙofar wannan fage ba.

To, yaya za a yi? A zaɓi lokacin da jiki ya fi sauƙi, ko bayan La'asar ko bayan magani ya fara aiki, kuma a taƙaita zaman. Yaro ne zai karanta a fili, babi ɗaya ko baitoci kaɗan. Majinyaci ya saurara, sannan ya tambaya: me ya faru? Me ya sa tauraron ya aikata haka? Kai da me za ka yi? Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan da bakinsa ya riga ya kama jigo da warwararsa, saura ya zuba a takarda. Ko da mahaifiya ba ta yi boko ba, adabin baka taskarta ce: karin magana, tatsuniya, kirari, waƙoƙin daka da na biki. Abin da malami ke rubutawa a allo, ita da shi ta tashi.

Sai dai a kiyayi abubuwa biyu. Na farko, kada gajiya ta sa a faɗa wa yaro amsa don a huta. Ranar jarrabawa shi kaɗai zai shiga ɗaki. In jiki ya ƙi, gara a ce masa, "Yau ba zan iya ba, gobe in Allah ya kai mu," da a yi masa aikin. Matashi yana gane halin da ake ciki ko an ɓoye masa, kuma gaskiya daidai da shekarunsa ta fi kwantar masa da hankali a kan shiru.

Na biyu, kada jinya ta cinye karatun. A gidaje da yawa, 'ya mace ce ke ɗaukar girki da wanki da kwanan asibiti, har zangon karatu ya wuce ba ta buɗe littafi ba. Wannan nauyi na dangi ne. Baffanni da gwaggwanni su karɓi wani ɓangare, a kuma sanar da malamin aji halin da gidan ke ciki.

Masu zuwa dubiya sukan kawo lemo da addu'a, Allah ya saka musu. Amma majinyaci yana da wata buƙata da ba a cika lura da ita ba: ya ji cewa har yanzu ana buƙatarsa. Yaron da ya shigo da littafi ya ce, "Baba, saurara ka ji," ya biya masa ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba 'ya'yanmu sa'a.