Shaidar Iska Da Alkawarin Manyan Ƙasashe

Ya kai mai karatu, ka sani cewa mai gwada makamin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa ba kullum yake iya ɗaure iska ba. A 2006 Koriya ta Arewa ta yi gwajinta cikin rami, amma bayan kimanin mako biyu wata tasha a Kanada ta shaƙo iskar zenon da fashewar ta haifar. Irin waɗannan tashoshi 80 yarjejeniyar haramta gwaji ta 1996 ta tanada.

Lalle hujja ta samu. Abin takaici, Amurka ta ƙi tabbatar da yarjejeniyar, Rasha kuma ta janye tabbacinta a 2023. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba ta fara aiki ba, balle a tura masu bincike wurin da ake tuhuma.