FILIN KIWON LAFIYA: Bayan An Share Makoki, Sai Ciwon Firgita

Garin Gitata yana kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta nufi kudancin Jihar Kaduna, kuma tun da daɗewa Gwandara da Gbagyi da Yeskwa da Hausawa da Fulani suke cuɗanya a kasuwarsa da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A cikin watan Mayu na shekarar 2023, daidai lokacin da damina ta faɗi manoma suka duƙufa ga shuka, rikicin gona da kiwo ya jawo aka auka wa ƙauyukan Takalafiya da Gwanja na wannan yanki, a Ƙaramar Hukumar Karu. Mutane da yawa suka rasa rayukansu, waɗanda suka tsira kuwa suka watse suna neman mafaka wurin 'yan'uwa. An binne mamata, manyan gwamnati sun zo jaje sun koma. To, amma akwai wani ciwo da yakan saura a jikin masu rai bayan an share makoki, shi ne kuwa abin da wannan fili zai duba a wannan mako.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitoci sun gano dalilin haka a cikin halittar ɗan Adam. Idan mutum ya gamu da abin tsoro, sai wasu 'yan ƙullutai da ke bisa ƙodarsa su tsarto sinadarai guda biyu cikin jini, watau adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, narkewar abinci ta tsaya, duk domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kare kansa. Wannan baiwa ce daga Allah, muddin dai abin ya lafa bayan haɗarin ya wuce. Inda matsala take shi ne idan jiki ya ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce, ya zauna cikin shirin gudu wata da watanni. Daga nan ne barci ke ƙaurace wa ido, gaba ya yi ta faɗuwa ba dalili, kai ya yi ta sarawa, abinci ya fita rai. In tafiya ta yi nisa, sai hawan jini da ciwon zuciya su sami ƙofa, garkuwar jiki ta yi rauni, mai gyambon ciki nasa ya tsananta, mai juna biyu kuma ta shiga haɗarin haihuwar bakwaini.

Yara su ne abin ya fi yi wa ɓarna, ko da yake su ne aka fi mantawa da su, ana cewa ai ba su san kome ba. Tsakanin 1995 da 1997 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun bincika tarihin mutane fiye da 17,000 a birnin San Diyego, suka fara bayyana sakamakon a 1998. Sun tambaye su irin wahalar da suka sha suna ƙanana, kamar duka mai tsanani, da cin zarafi, da ganin ana dukan uwa, da tashi a gidan mashayi. Sai aka ga waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye sun ninka saura sau huɗu zuwa goma sha biyu wajen faɗawa shaye-shaye da ciwon baƙin ciki da yunƙurin kashe kai, kuma ciwon zuciya da na huhu da na hanta sun fi yawa a cikinsu. Sabo da haka yaron da ya kwana a daji yana jin ƙarar bindiga, sa'an nan ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya riƙa zabura cikin barci, ba iskanci yake yi ba, kuma bulala ba za ta ƙara masa kome ba sai tsoro a kan tsoro. Ɗan manomi da ɗan makiyayi duk ɗaya suke a nan, gama firgita ba ta tambayar ƙabila ko addini.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi tashin hankali, kimanin mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Wannan lissafi yana da fuska biyu. Ɗaya cikin biyar ba kaɗan ba ne a ƙauye. Amma kuma yana nuna cewa akasarin mutane sukan farfaɗo, musamman idan sun sami abinci da wurin kwana da kwanciyar hankali da 'yan'uwa a kusa.

A nan ne al'adun gargajiya suka yi rawar gani. Zaman makoki da ta'aziyya da jaje, da addu'a a masallaci ko a coci, da gayya a gonar matar da mijinta ya rasu, da adashin mata, duk magunguna ne ko da ba a kira su da wannan suna ba, domin suna hana mutum kaɗaita da baƙin cikinsa. A Gurku, cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Karu, an kafa wani matsuguni a 2014 inda Musulmi da Kirista da suka gudo daga arewa maso gabas sabo da rikicin Boko Haram suka zauna tare, suna noma, 'ya'yansu na karatu. Komawa aiki da komawar yara makaranta suna cikin abubuwan da suka fi saurin mai da hankali jiki.

Amma fa akwai inda al'ada ke kuskure. Sau da yawa akan ce wa mai firgita iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi masa, har a kai ga ɗaure shi da mari. Namiji kuwa akan ce masa namiji ba ya kuka, sai ya haɗiye abin, ya koma neman barci wajen ƙwayar Tramadol ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018. Wani kuma baƙin cikin nasa ya rikiɗe ya zama ƙudurin ramuwa, a sake komawa gidan jiya. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu shakka, amma haƙuri bai hana neman magani ba.

Haɗa asibiti da jama'ar gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, maimakon a kulle su, har duniya ta yaba. A Zimbabuwe kuma Likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin haka. Gitata ba ta rasa dattawa da ungozomomi da limamai da fastoci da malaman makaranta waɗanda za a iya ba irin wannan horo.

Abin da ake bukata ga mai son taimako kaɗan ne. Ya zauna da wanda abin ya shafa, ya saurara in ya so magana, kada ya tilasta masa maimaita abin da ya gani, kada kuma ya baza sirrinsa. Idan an haura wata guda mutum bai daina munanan mafarkai da zabura da gudun jama'a ba, sai a kai shi asibiti. In kuwa ya fara ambaton kashe kansa, to ba a jira, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna.

Sauran aiki na hukuma ne. A watan Janairu na 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Doka a takarda ba ta warkar da kowa, sai ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya iya gane wannan ciwo kamar yadda yake gane zazzaɓin cizon sauro. Bugu da ƙari, babu maganin da zai yi aiki ga mutumin da har yanzu yake tsoron zuwa gonarsa, ko yake ganin ba a yi masa adalci ba. Ya kamata Gwamnatin Jihar Nasarawa da sarakuna da ardo-ardo su riƙe wannan da muhimmanci, sauran garuruwa kuma su yi hattara, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari, Ya ba ƙasa zaman lafiya. Amin.