Kara Ɗaya Ke Komar Da Wanda Ya Bar Taba

Da wuya a sami mutumin da ya shekara goma yana shan taba sigari wanda bai taɓa rantsuwa cewa ya bar ta ba har abada. Wani ya kan bari ranar da likita ya auna masa ƙirji ya gargaɗe shi, wani ranar da aka yi masa haihuwa, wani kuwa da an ga watan azumi. Amma in aka dakata aka sake dubawa bayan 'yan watanni, sai a tarar galibinsu sun koma gidan jiya, wasu ma suna sha a ɓoye don kunyar iyalinsu. Yar da kwalin taba aikin minti guda ne. Tsayawa bisa alkawarin nan kuwa shi ne jan aikin, kuma a nan ne ya kamata jama'a da hukuma su sa ido.

Binciken likitoci ya nuna cewa a cikin mutum 100 da suka bar taba da ƙarfin zuciyarsu kawai, ba magani ba shawarar ma'aikacin lafiya, 3 zuwa 5 ne ke kai wata shida ko shekara ba su koma ba, kuma mafi yawan masu komawa a makon farko su ke faɗuwa. Dalili kuwa shi ne wani sinadari da ke cikin ganyen taba wanda a ke kira nikotin. Da mutum ya zuƙi hayaki, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta saba da shi har ta riƙa nemansa kamar abinci. Ranar da aka hana ta, sai saurin fushi da rashin barci da kasa tsayar da hankali bisa aiki da yawan jin yunwa su taso. Wannan wahala ta fi tsanani a kwanakin farko, sa'an nan ta kan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu.

To, amma lafawarta ba ita ce ƙarshen yaƙin ba, domin akwai sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa. Mai shan kara 20 a rana, in aka ƙiyasta zuƙa 10 ga kowane kara, ya kan kai hannu baki sau 73,000 a shekara. Kowace zuƙa kuwa tana ɗaure da wani abu na yau da kullum: bayan cin tuwo, wajen mai shayi da safe, tare da goro, lokacin jiran lodi a tasha, ko hira a majalisa bayan isha'i. Saboda haka ko da jini ya tsarkaka daga nikotin, da mutum ya zauna bisa bencin da ya saba, ya ji ƙamshin hayakin abokinsa, sai sha'awar ta dawo sabuwa fil.

A irin wannan lokaci ne zuciya ke raya masa cewa ai wata shida ke nan bai taɓa ba, ya riga ya fi ƙarfinta, kara ɗaya ba zai yi kome ba. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Masu bin diddigin waɗanda suka bar taba sun tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana kara ɗaya bayan bari, ba su daɗewa sai su koma sha kamar da. Na farko ke kiran na biyu, kafin mako ya zagayo kwali ya dawo aljihu.

Nan ne laifin hukuma ya shigo. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa wadda aka sa wa hannu a 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai a kwali mai kara 20 aƙalla, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da busa hayaki a wuraren taruwar jama'a. Amma kowa ya san mai tebur a bakin titi da tasha yana sayar da kara ɗaya, har ya ba da aron ashana. Mutumin da ya bar taba zai yi nauyin sayen kwali sukutum, domin ya san wannan karya alkawari ne ƙarara, amma kara ɗaya na 'yan canji ba ya jin nauyinsa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba tun 2005. Abin da ya rage shi ne ma'aikatun lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi su aiwatar da abin da ke rubuce, su fara da wayar da kan masu tebur kafin hukunci.

Abokan zama su ma suna da nasu alhakin. Ba ƙauna ba ce mutum ya ji abokinsa ya bar taba sa'an nan ya miƙa masa kwali don gwaji, ko ya yi masa ba'a cewa matarsa ce ta hana shi. Shi kuma mai barin ya kamata ya ƙaurace wa majalisar mashaya na ɗan lokaci, ya fid da ashana da sauran taba daga gida da mota, ya sanar da iyalinsa don su jure wa fushinsa na makonnin farko. Ya kuma sani cewa sha'awar ba ta wuce 'yan mintoci in ta taso. Wanda ya tashi ya sha ruwa, ko ya yi alwala, ko ya taka ƙafa ya zaga, zai ga ta wuce. Komawa ga shisha ko taba gari ba mafita ba ce, domin nikotin ɗin nan dai yana cikinsu. Musulmin da ya iya haƙuri daga alfijir zuwa faɗuwar rana har wata guda ya riga ya ga iyakar ƙarfinsa, sai dai kash, da yawa da an sha ruwa su ke rama bashin yini.

Haka nan akwai magani. Cingam da filasta masu ɗauke da nikotin kaɗan, waɗanda ke rage raɗaɗin bari, sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009, kuma a 2024 hukumar ta fid da jagora ga likitoci kan yi wa mashaya magani. Ya kamata asibitocin gwamnati su tanade su, kuma duk likitan da mashayi ya zo gabansa ya tambaye shi batun taba.

Wanda kuwa ƙaddara ta sa ya zame ya sha, kada ya ce tun da an ɓata goma ɗaya ba ta gyaruwa. Tuntuɓe gushin gaba ne: ya duba abin da ya kayar da shi, ya sake bari a ranar, ba sai azumi mai zuwa ba. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama. Ribar kuma a fili ta ke. Binciken da Richard Doll da abokan aikinsa suka yi kan likitocin Ingila daga 1951 zuwa 2001 ya nuna wanda ya bari yana da shekara 30 ya tsira da kusan shekara 10 da taba kan rage wa mashaya, mai 40 shekara 9, mai 50 shekara 6, mai 60 ma shekara 3. Taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara. Duk wanda Allah ya fid da shi daga wannan layi, kada ya koma cikinsa saboda kara ɗaya.