Kwamfutar kwantam: aikin da Arewa za ta iya yi ko ba ta mallaki na'ura ba

A watan Yunin 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam, bisa ƙudurin da Ghana ta gabatar. Shekara biyar kafin nan, Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ta ƙulla yarjejeniya da IBM, wadda ta ba jami'o'in ƙungiyar ARUA damar amfani da kwamfutocin kwantam ta intanet. Jami'o'in Najeriya uku ne a ƙungiyar a lokacin: Ibadan, Legas da Obafemi Awolowo. Babu ko ɗaya daga Arewa.

Ana iya cewa tsadar na'urar ce ta hana. Gaskiya ne irin ta IBM sai an sanyaya ta fiye da sanyin sararin samaniya. Amma akwai babban aikin da ba ya buƙatar mallakar ta.

Mai bincike yana rubuta lissafinsa a matsayin jerin matakai a kan kubit, ƙwayar bayanan kwantam, kamar kowane kubit zai iya hulɗa da kowanne. A kan na'urar IBM kuwa, kowane kubit yana haɗe ne da 'yan maƙwabta kaɗan kacal. Idan ana son biyu masu nisa su yi aiki tare, sai an yi ta musanya bayanansu har su kusanci juna, kuma kowace musanya tana cin matakai uku. Kowane mataki yana ƙara kuskure, kubit kuma yana rasa bayanansa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka manhajar da ke fassara lissafin zuwa abin da na'urar ke iyawa, tana rage matakai, ita ke raba sakamako mai amfani da shirme.

Wannan aikin lissafi ne. Manhajar Qiskit kyauta ce, kuma tun 2016 IBM ke barin jama'a su gwada na'urorinta ta intanet. Ɗalibin lissafi daga Garo ko Gwarzo da ke karatu a Jami'ar Bayero na iya farawa da kwamfutar tafi-da-gidanka, in akwai wuta, intanet da malamin da ya san fannin.

Nan ne alhakin hukuma yake. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023, ya yi alƙawarin horar da mutum miliyan uku. Horon 'yan watanni ba ya samar da masanin lissafi. Sassan lissafi da fiziks na jami'o'i ke yin haka. Ya kamata matasa su tambayi gwamnatin Kano da TETFund nawa suka ware wa waɗannan sassa.