A Daidaita Wutar Walda Kafin A Taɓa Garma

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama sun haɗa kuɗi sun sayi ƙaramin injin walda domin gyaran garmar shanu, da amalanke, da baro. Wannan abin yabo ne. Amma sau da yawa waldar ba ta yin mako guda a gona sai ta ɓalle, a ce injin ne ba shi da kyau, ko kuwa sandar waldar jabu ce. A ganinmu, yawancin laifin yana wurin daidaita wuta ne.

Wasu sukan murɗa wuta har ƙarshe, suna zaton yawan wuta shi ne ƙarfin walda. Ba haka ba ne. In wuta ta yi yawa, tartsatsi yakan watsu ko'ina, sandar ta yi ja, gefen haɗin ya zaizaye, ƙarfe marar kauri kuwa ya huje. In kuma ta yi kaɗan, sandar takan riƙa mannewa, narkakken ƙarfen ya kwanta a sama kamar igiya, bai shiga ciki ba. Irin wannan ya fi haɗari, gama ido yana ganin an haɗa, alhali kuwa ba a haɗa ba.

Kaurin sanda shi ke nuna wutar da za a ba ta. Ga sandar da aka fi samu a kasuwa, watau mai lamba 6013, ga ma'aunin farawa. Mai kaurin milimita 2.5, wadda ake kira geji 12, tana son amfiya 60 zuwa 90. Mai kaurin milimita 3.2, watau geji 10, tana son 90 zuwa 130. Lambar da ke jikin ƙananan injuna ba kullum take daidai ba, balle in ana aiki da janareta ko doguwar waya siririya. Saboda haka a fara daga tsakiya, a gwada a kan guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da na aikin, a riƙa ƙarawa ko ragewa da biyar biyar. In an dace, za a ji ƙara marar yankewa kamar ana suya, haɗin ya kwanta sumul, ɓawon da ke kansa kuma ya ɓamɓare ba wuya.

Wuta kaɗai ba ta isa ba. A kankare tsatsa da fenti da maiko har ƙarfe ya yi haske, har da wurin da za a maƙala waya ta biyu. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin sandar. Ƙarfen da ya wuce milimita 6 a fere bakinsa, a bi shi sau biyu ko uku, ana kakkaɓe ɓawo tsakani. A ajiye sanduna inda laimar damina ba za ta kama su ba. A kuma bar injin ya riƙa hutawa, gama ƙaramin inji ba a yi shi don aiki ba tsayawa ba. Kada kowa ya yi walda sai da garkuwar fuska. Baƙin tabarau ba ya kare ido.

Wani zai ce gwaji ɓarnar sanda ne. To, sanda guda nawa take, in an gwada ta da kwana uku na huɗa bayan ruwan shuka ya sauka? Amalanken da ya karye da kaya a hanya kuwa yana iya raunata yaro ko sa.

Shawararmu ita ce, kowace ƙungiya ta rubuta waɗannan lambobi a allo ta rataye kusa da injin, ta tanadi guntayen ƙarfe na gwaji, ta kuma zaɓi mutum biyu su koyi aikin sosai wurin gwanin walda. A duba garemani tun da rani, kada a bari sai hadari ya haɗo. Sauri ya haifi nawa.